Wasiƙun Masu Karatu: Gigin Tsufa, Karkarwa da Abin da Ake Gada a Jini

Tun bayan da muka taɓo maganar ciwon mantuwa a wannan fili, wasiƙu suka yi ta shigowa daga Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, kuma kusan dukkansu damuwa ɗaya ce a cikinsu: shin ciwon da ya kama ƙwaƙwalwar mahaifina ko mahaifiyata yana nan yana jirana? Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Likita, mahaifiyata ta haura shekara 75. Bara muka ɗauko ta daga Katsina ta dawo wurinmu da zama saboda ta fara mantuwa. Yanzu takan tambaye ni ko mahaifinmu ya dawo daga masallaci, alhali ya shekara tara da rasuwa. Ran nan ta fita da hantsi ba mu sani ba, sai bayan la'asar wani mai Keke ya dawo da ita daga bakin titin jirgin ƙasa. Wasu na cewa iska ne, wasu na cewa sammu. Yayarta ma haka ta yi kafin ta rasu. Shin gado ne? Ni ma haka zan ƙare?
Daga wata uwa, Agege.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba Mama sauƙi, ke kuma ya saka miki da mafificin alheri a kan wannan ɗawainiya. Abin da kika bayyana ya yi kama da abin da Bahaushe ke kira gigin tsufa, sai dai ina so ki cire wa ranki cewa tsufa kaɗai ke kawo shi, domin ga tsofaffi nan 'yan shekara 90 da za su lissafa miki jikokinsu ɗaya bayan ɗaya har da ranar sunan kowanne. Ciwo ne a cikin ƙwaƙwalwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ke fama da shi, kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nasu kuwa nau'in da ake kira cutar Alzheimer ne.

Kafin in zo kan maganar gado, bari in bi da ke ta hanyar da kika riga kika sani, wato sikila. Duk wanda ya je gwajin jini kafin aure ya ji ana faɗin AA da AS da SS. A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai rubutaccen umarni da muka gada, rabi daga uwa, rabi daga uba, an ɗaure shi dami-dami har dami 46, waɗanda masana ke kira kuromosom. A cikin dammunan nan akwai ƙwayoyin gado kimanin 20,000, kowacce kuma tana gaya wa jiki yadda zai ƙera wani furotin. Furotin a nan ya wuce wanda ake cewa a nema a nama da wake. Su ne ma'aikatan jiki, wasu na gini, wasu na dako, wasu na kwasar shara. A sikila harafi ɗaya tak ne ya sauya a umarnin ƙera furotin ɗin da ke dakon iska a cikin jini, sai ya riƙa mannewa da 'yan'uwansa har ya lanƙwasa ƙwayar jini kamar lauje. Furotin yana fitowa ne kamar dogon yadi, kuma ba ya aiki sai ya naɗe kansa a wata siffa ta musamman. Ki dubi rawani: idan gwani ya naɗa shi ya zama ado da kariya daga rana, idan kuwa yadin nan ya warware ya cukuikuye, sai ya koma abin harɗe ƙafa. Yawancin cututtukan da ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, a kan wannan mugun naɗi suke tafiya.

A shekarar 1901 aka kai wata mata 'yar shekara 51 wani asibiti a birnin Frankfurt na Jamus, ta rikice, tana ɓata a cikin gidanta, tana zargin mijinta ba gaira ba dalili. Likitan da ya duba ta shi ne Alois Alzheimer. Bayan rasuwarta a 1906 ya sa ƙwaƙwalwarta a madubin likita, ya ga abu biyu: wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da wasu zaruruwa a cukurkuɗe a cikinsu. Sai da aka shafe kusan shekara 80 kafin a san ko mene ne su. A 1984 aka gano cewa dunƙulen wani guntun furotin ne mai suna amiloyid, bayan shekara biyu kuma aka tabbatar cewa zaren wani furotin ne da ake kira tawu. Shi tawu, idan yana lafiya, shi ke riƙe hanyoyin da ƙwayar ƙwaƙwalwa ke safarar kayanta a kansu, kamar yadda ginshiƙan ƙarƙashin dogo ke riƙe titin jirgin da ya ratsa unguwarku. Da zarar ya lalace ya saki aikinsa, sai hanya ta watse, ƙwayar ta mutu. Ɓarnar takan fara ne daga sashen da ke adana sabon labari. Shi ya sa Mama za ta manta ta ci tuwo ɗazu, amma ta ba ki labarin ranar bikinta dalla-dalla, kuma shi ya sa har yanzu mahaifinku yana raye a wurinta.

To, gado iri biyu ne a wannan ciwo, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce amsar tambayarki. Akwai gadon da ke yanke hukunci. Tsakanin 1991 da 1995 aka gano ƙwayoyin gado uku, a dami na 21 da na 14 da na 1, waɗanda idan mutum ya gaji gurɓatacciyar ɗaya daga cikinsu da wuya ya tsira, kuma ciwon kan same shi da wuri, tun yana ɗan shekara 40 ko 50, wani lokaci ma ƙasa da haka. A tsaunukan yankin Antiyokiya na ƙasar Kolambiya akwai wani babban dangi na mutum wajen 6,000 da wannan gado ke bi, wanda wani likita ɗan ƙasar mai suna Francisco Lopera ya shafe shekaru fiye da 30 yana bibiya, inda masu ɗauke da shi ke fara mantuwa a wajen shekara 44. Amma irin wannan bai kai kashi 1 cikin 100 na masu cutar ba, kuma macen da ciwo ya fara wa bayan ta haura 70, kamar Mama da yayarta, kusan tabbas ba irinsa ba ne. A cikin dangin nan ma, a 2019 aka ba da rahoton wata mata da ta gaji gurɓatacciyar ƙwayar, ƙwaƙwalwarta cike da amiloyid, amma hankalinta bai taɓu ba sai da ta shiga shekaru 70, saboda ta gaji wata ƙwayar ta daban da ta hana tawu yaɗuwa. Ashe kamar yadda ake gadon ciwo, haka ake gadon garkuwa.

Gado na biyu shi ne wanda ke ƙara nauyi a sikeli kawai. Mafi shahara a cikinsa ita ce ƙwayar da ake yi wa laƙabi da APOE4, wadda aka gano alaƙarta da cutar a 1993. A tsakanin Turawa, wanda ya gaje ta ta ɓangare ɗaya haɗarinsa kan ninka kamar sau uku, wanda ya gaje ta ta uwa da uba kuwa sau 8 zuwa 12. Duk da haka da yawa daga masu ita sukan tsufa da hankalinsu, da yawa daga marasa ita kuma sukan kamu. Abin da ya fi jan hankalina a nan kusa da mu aka gano shi. A 1992 marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan da Farfesa Hugh Hendrie na Amurka suka fara wani dogon bincike, wanda Farfesa Adesola Ogunniyi ya ci gaba da jagoranta a Ibadan, inda suka kwatanta tsofaffin Yarabawa da baƙaƙen fatar birnin Indiyanafolis na Amurka, waɗanda asalin kakanninsu Afirka ta Yamma ne. Sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna cewa a kowace shekara kashi 1.35 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ke kamuwa, a can kuwa kashi 3.24, sannan tasirin APOE4 a jikin mutanen Ibadan bai kai na can ƙarfi ba. Jini ya yi kusa da juna, amma abinci da hawan jini da ciwon sukari da yanayin zama sun bambanta, sakamako ma ya bambanta.

Saboda haka ban ba ki shawarar neman gwajin APOE4 ba, domin ba zai gaya miki abin da zai faru ba, sai dai ya hana ki barci. Abin da ke hannunki ya fi shi yawa. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na wannan ciwo, daga ciki akwai hawan jini, da sukari, da kitse a jini, da taba, da rashin motsa jiki, da raunin ji ko gani da aka bari ba magani, da buguwar kai. Wannan na ƙarshe ina fata 'yan'uwanmu masu acaɓa da ke raina hular kwano za su ji shi.

Ita kuma Mama, ki kai ta wurin likita ko da ana yi mata addu'a da ruƙiyya, domin ɗaya ba ya hana ɗaya. Akwai abubuwan da ke kwaikwayon gigin tsufa kuma suna warkewa, kamar ƙarancin sinadarin B12, da ciwon da ya shafi maƙoƙo, da cutar mafitsara, da baƙin ciki mai tsanani, da tarin magunguna. Maganin da ke wanke amiloyid, wanda ake kira lekanemab, ya samu amincewar hukumomin Amurka a 2023, amma abin da ya yi a gwaji shi ne rage saurin taɓarɓarewa da kashi 27 cikin 100 a wata 18, ga masu farkon ciwo kaɗai, kuɗinsa a lokacin dala 26,500 a shekara, kuma yana iya kumbura ƙwaƙwalwa. Abin da ya fi shi gaggawa a wurinki shi ne ki rubuta sunanta da lambar wayarki ki ɗinke a jikin mayafinta. Na taɓa duba wata tsohuwa da aka kawo da raunin jifa a goshi, ƙafafunta duk sun faffashe saboda tafiya, ta ɓata ne ta kasa faɗin inda ta fito, jama'a suka taru a kanta suna kiran ta mayya. Tana riƙe da carbinta gam, tana ta kiran sunan 'yarta. Har yau ban manta fuskarta ba.

Tambaya: Likita, shekarata 58, ina sayar da albasa da tumatir. Shekara biyu ke nan hannuna na dama yana karkarwa idan ina zaune, amma da na miƙa shi zan ɗauki abu sai ya lafa. Ƙirga kuɗi ya zame mini aiki, rubutuna a littafin bashi ya ƙanƙance, yarana kuma suna cewa tafiyata ta sauya. Ɗana ya ce ya ji an yi bincike a kan wannan ciwo a nan Legas. Gaskiya ne?
Daga wani Alhaji, kasuwar Mile 12.

Amsa: Alhaji, gaskiyar ɗanka, kuma zan zo kan binciken. Ba a yanke wa mutum ciwo ta wasiƙa, amma karkarwar da ke zuwa lokacin hutu a ɓari ɗaya, da nauyin jiki, da ƙanƙancewar rubutu, alamomi ne na cutar da ta ci sunan James Parkinson, likitan Landan da ya bayyana ta a 1817. Ita ce ta kama ɗan damben nan Muhammad Ali, wanda aka tabbatar masa da ita a 1984, ya kuma rayu da ita shekara 32.

A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri baƙi da ke samar da sinadarin dofamin, wanda shi ne man da ke sa motsi ya tafi sumul. Kafin hannu ya fara rawa, rabin ƙwayoyin wurin ko fiye sun riga sun mutu. A 1997 aka binciki wani dangi da asalinsu ƙauyen Kontursi ne a kudancin Italiya, waɗanda cutar ke bi kaka da kakanni, aka gano cewa kuskuren yana cikin umarnin ƙera wani furotin mai suna alfa-sinukilin, kuma a shekarar aka tabbatar cewa shi ne furotin ɗin da ke dunƙulewa a ƙwaƙwalwar masu cutar, har da waɗanda ba su gaje ta ba. Me ke sa shi taruwa? Kai da ke Mile 12 ka fi ni sanin yadda wuri ke komawa idan motar kwasar shara ta kwana biyu ba ta zo ba a lokacin da tumatir ya yi yawa. Kowace ƙwayar halitta tana da nata masu kwasar shara, wasu 'yan jakunkuna cike da sinadaran narkar da abin da ya lalace, kuma ɗaya daga cikin sinadaran nan ƙwayar gado mai suna GBA1 ce ke ba da umarnin ƙera shi. Idan ya yi ƙaranci, sai shara ta taru, alfa-sinukilin ya samu damar dunƙulewa.

A watan Agustan 2023 wata tawagar masana, wadda Farfesa Njideka Okubadejo ta Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas da ke Idi-Araba take cikin jagororinta, tare da abokan aiki a Landan da Amurka da likitoci daga asibitoci da dama na Najeriya, ta fitar da sakamakon nazarin jinin mutum kusan 200,000 'yan asalin Afirka, 1,488 daga cikinsu masu cutar, akasarinsu 'yan Najeriya. Sun gano wani sauyi a cikin GBA1 da kusan ba a samunsa a jikin Turawa, wanda ke ninka haɗarin cutar kamar sau ɗaya da rabi ga wanda ya gaje shi ta ɓangare ɗaya, sau uku da rabi kuma ga wanda ya gaje shi ta ɓangare biyu. Shekaru da dama ana nazarin wannan ƙwaya a Turai ba a ga wannan sauyi ba, saboda ba a duba jinin da yake ciki ba. Akasin haka ma ya faru: akwai wani sauyi a ƙwayar LRRK2 da ake samu a wajen kashi ɗaya cikin uku na masu cutar a tsakanin Larabawa da Barbar na Arewacin Afirka, amma da aka neme shi a jinin 'yan Najeriya masu cutar ba a same shi ba. Hamada ce kawai tsakaninmu da su.

Kada wannan ya tayar wa 'ya'yanka hankali, domin shi ma daga gadon da ke ƙara nauyi a sikeli ne, kuma mafi yawan masu ɗauke da shi ba za su kamu ba. Yawan shekaru shi ne babban dalili, sannan an daɗe ana ganin alaƙa tsakanin cutar da yawan mu'amala da wasu magungunan feshin ciyawa da ƙwari, abin da ya kamata manoman da ke turo maka kaya su sani, su riƙa rufe hanci da hannu lokacin feshi.

Ka nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, akwai su a asibitin koyarwa na Idi-Araba da na jihar da ke Ikeja, ka kuma tafi da duk magungunan da kake sha, domin wasu magungunan amai da na taɓin hankali suna kawo irin waɗannan alamomi. Idan ita ce, akwai maganin lebodofa, wanda jiki ke juyawa ya koma dofamin, kuma tun ƙarshen shekarun 1960 yake mayar da mutane bakin sana'arsu. Ba ya tsayar da mutuwar ƙwayoyin, amma yana iya ba ka shekaru masu yawa na aiki. Ka sha shi kamar rabin awa kafin abinci mai nama ko wake da yawa, saboda ƙofa ɗaya suke bi zuwa jini suna gasa, kuma kada ka daina tattaki zuwa masallaci da kasuwa, domin motsa jiki magani ne a wannan ciwo.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni mahauci ne. Wani mai saye ya ƙi karɓar ƙwaƙwalwar sa, ya ce tana sa haukan shanu irin na Ingila. Mene ne gaskiyar wannan magana?
Daga wani mahauci, mayankar Oko-Oba.

Amsa: Malam, maganarsa tana da asali, sai dai ya ɗauko ta daga inda take ya ajiye a inda ba wurinta ba. A 1986 aka fara gane wata cuta a shanun Birtaniya, saniya ta riƙa firgita tana tangaɗi har ta faɗi, idan aka duba ƙwaƙwalwarta a ga ta huhhuje kamar soso. An tabbatar da ita a shanu fiye da 180,000, aka halaka miliyoyi don daƙile ta, a 1996 kuma gwamnatin ƙasar ta amince cewa tana kama mutane ta hanyar nama. Mutum 178 suka mutu da ita a can. Abin da ke kawo ta furotin ne zalla, babu ƙwayar cuta mai rai a ciki. Stanley Prusiner na Amurka ne ya raɗa masa suna firiyon a 1982, masana da yawa suka ƙaryata shi, daga baya ya samu kyautar Nobel a 1997. Kowannenmu yana da lafiyayyen wannan furotin a ƙwaƙwalwarsa. Idan mai mugun naɗi ya taɓa lafiyayye sai ya tilasta masa ɗaukar siffarsa, su biyu su juya wasu, a haka har ɓarna ta game ko'ina. Dahuwa da gashi ba sa lalata shi, kuma a ƙwaƙwalwa da laka ya fi taruwa.

Abin da ya yaɗa ta a Ingila shi ne niƙa ragowar nama da ƙashin dabbobi ana zuba wa shanu a abinci, wato aka mayar da mai cin ciyawa mai cin ɗan'uwansa, har sai da aka hana a 1988. Saniyar da ta tashi a kan ciyawa da harawa da dusa ba ta bi wannan hanya ba, kuma roƙona ga masu turka shi ne kada su taɓa bin ta don neman saurin ƙiba. Saniyar da ya kamata ka ji tsoro ita ce wadda ke dalalar da miyau, tana kuka ba ƙaƙƙautawa, tana kai wa mutane hari, domin mai yiwuwa mahaukacin kare ne ya cije ta. Kada ka sa hannu a bakinta, kada ka yanka ta, ka kira likitan dabbobi.

Darasin firiyon ya amfani sauran bincike, domin yanzu masana suna ganin tawu da alfa-sinukilin ma haka suke bi daga ƙwaya zuwa ƙwaya a cikin ƙwaƙwalwa ɗaya. Amma ba a ɗaukar gigin tsufa ko karkarwa ta cin abinci kwano ɗaya, ko wanka da jinya.

Tambaya: Ina neman auren 'yar baffana. Wani abokina ya ce auren zumunci yana haifar da 'ya'ya masu ciwon ƙwaƙwalwa. In fasa?
Daga wani saurayi, Alaba Rago.

Amsa: Ɗana, kada ka fasa a kan maganar aboki, kada kuma ka yi watsi da ita. Akwai cututtukan da ba sa bayyana sai yaro ya gaji gurɓatacciyar ƙwaya ta uwa da ta uba gaba ɗaya, kamar dai SS. Kai da 'yar baffanka kun yi tarayya a kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonku, don haka idan kakanku ya bar wata ɓoyayyiyar ƙwaya, damar ta haɗu a jikin ɗanku ta fi ta bare yawa. A lissafi, haɗarin haifar yaro da wata nakasa babba yakan tashi daga kimanin 3 cikin 100 zuwa kimanin 6 cikin 100, ma'ana mafi yawan 'ya'yan irin wannan aure lafiya suke zuwa. Daga cikin masu bin wannan hanya akwai wata karkarwa mai kama matasa da aka gano ƙwayarta a Japan a 1998, da cutar Wilson, wadda ke tara sinadarin tagulla a hanta da ƙwaƙwalwa, kuma tana da magani idan aka gane ta da wuri. Akwai kuma waɗanda ba ruwansu da zumunci, kamar cutar Huntington mai sa jiki fizge-fizge a wajen shekara 40, wadda aka gano ƙwayarta a dami na 4 a 1993. Ita kowane ɗan mai ita yana tsakanin gada da tsira rabi da rabi, ko wa aka aura.

Ka zauna da tsofaffin matan gidanku, domin su ne ma'ajiyar tarihin dangi. Ka tambaye su ko an yi yaran da suka kasa zama ko tafiya, ko waɗanda suka fara magana suka daina, ko matasan da jikinsu ya sandare, ko jarirai da suka yi ta mutuwa a ɗaki ɗaya. Idan akwai, musamman idan iyayenku ma auren zumunci suka yi, ku je wurin likita tare kafin a sa rana. Gwajin sikila kuwa wajibinku ne ko akwai ko babu.

Tambaya: Likita, muna maƙwabtaka da asibiti, kuma wani lokaci akan nemi marasa lafiyarmu su ba da jini don bincike. Mutane suna zuwa neman shawarata, ni kuma ban manta abin da ya faru a Kano ba. Me zan ce musu?
Daga wani malami, Idi-Araba.

Amsa: Allah ya gafarta Malam, tsoron nan yana da dalili, kuma ba zan raina shi ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, wani kamfanin waje ya gwada magani a kan yara 200 a Kano, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, aka yi ta shari'a har zuwa sulhun 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Sai dai akwai bambanci tsakanin a ba mutum maganin gwaji da a ɗebi cokali ɗaya ko biyu na jininsa, ko ma miyau, don a karanta rubutun da ke ciki. Kuma ƙauracewa tana da nata farashi. Fiye da kashi uku cikin huɗu na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu Turawa ne, 'yan asalin Afirka kuwa ba su wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba, alhali babu nahiyar da ta kai tamu bambancin ƙwayoyin gado. A 2020 wani shirin binciken gado na Afirka mai suna H3Africa ya karanta jinin mutum 426 kacal daga ƙabilu 50, ya samu sauye-sauye fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Magungunan da ake ƙerawa yanzu kowanne yana auna wani furotin ko wata ƙwaya ce ta musamman, kamar tela mai ɗinki da awo, kuma wanda ba a auna ba sai ya sa rigar wani. Abin da aka gano a jinin Bayarabe ma ba lalle ya zama daidai da na Bahaushe ko Bafulatani ko Babarbare ba. Yana ci mini rai in ga cewa binciken da duniya ke magana a kansa an jagorance shi ne daga bayan katangarku, alhali dattijonmu da hannunsa ke rawa yana zaune a ƙofar gida 'yan taku kaɗan daga wurin, bai san ciwonsa yana da suna ba.

Don haka ra'ayina shi ne ka ƙarfafa musu gwiwa su shiga, amma da idonsu a buɗe. Tun 2007 Najeriya take da ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya, kuma kowane bincike sai ya samu amincewar kwamitin ɗa'a kafin a taɓa mutum. Ka ce su nemi a nuna musu wannan amincewa, a karanta musu takardar yarda da Hausa, a gaya musu ina za a ajiye jinin, har tsawon wane lokaci, ko za a fitar da shi waje, da kuma yadda za a raba sunansu da sakamakon. Su tambaya ko za a sanar da su idan aka ga wani abu da ya shafi lafiyarsu ko ta 'ya'yansu. Su san cewa wanda ya ƙi, ko ya shiga ya janye daga baya, ba a rage masa komai daga kulawar asibiti. Wanda hankalinsa ya taɓu kamar mahaifiyar Hajiyar Agege, waliyyinsa ne zai sa hannu a madadinsa bayan an yi masa cikakken bayani. Idan mai bincike ya yi gaggawa ko ya ƙosa da tambaya, su tashi su ba shi wuri; idan kuwa ya zauna ya amsa, su karɓi kwafin takardar da lambar wayar da ke jikinta su kawo maka ka duba kafin su miƙa hannu.